Mabuɗi a Wuyan Sale, Filafili a Cinyata

Wata Laraba ce a kakar da ta biyo bayan ƙirƙiro jihar Kebbi, lokacin da allon ƙofar makarantarmu bai ma gama mantawa da sunan Sakkwato ba. Hantsi ya dubi ludayi, ni kuwa ina zaune a bakin zaurenmu, a wani ƙauye na gaɓar tafkin Kainji kusa da Wara, na gicciya filafilin tuƙa jirgin ruwan Baba a cinya kamar soja da bindiga. Can gangare, gindin giginyar da muke ɗaure jirgi, yayana Sale ya harɗe, mabuɗin kwaɗon sarƙar jirgin na rataye a wuyansa. Tsakaninmu kuma ƙanwarmu Lantana ce, 'yar shekara shida, take ta zarya da saƙo, har ƙafafunta suka fitar da hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya har yau. A gungu, wato tsibirin da muke noma, shinkafarmu ta shekara guda tana yanke an tara ta, ruwan tafki kuwa yana hawa, ya kusa lasar gindinta.

Yau ni malamin kwamfuta ne a wata kwaleji, furfura ta ci rabin gemu, tumbi ya riga ni shiga aji. Abin da nake koyarwa shi ne babbar manhajar da ke riƙe da ragamar na'ura. Ayyuka ne barkatai ke gudana a cikin kwamfuta, wannan na rubutu, wancan na kiɗa, wani na jiran firinta, alhali ƙwaƙwalwar da za ta yi musu aiki ɗaya ce. Babbar manhajar ce ke raba musu lokaci, ta ba wannan ƙiftawar ido, ta ajiye shi, ta tuna inda ya tsaya, ta ɗauko wancan. Ita ke buɗe musu hanyar aika wa juna saƙo, ita ke hana biyu su sa hannu a abu guda lokaci ɗaya. Ɗalibai suna zaton a jami'a na koyi wannan. Jami'a dai sunaye ta ba ni. Karatun kansa a tsakar gidanmu na yi shi, wajen Inna.

Inna mace ɗaya ce mai hannu biyu, amma da za a rantsar da ni sai in ce goma na gani. Murhu ɗaya gare ta, turmi ɗaya, fitila ɗaya, ga mu kamar 'yan tsaki. Takan ɗora tukunyar turara shinkafa, ta juya kifin da ke kan banda, ta kai wa turmi luguden taɓarya, ta dawo ta iske tukunyar daidai inda ta bar ta. Kukan jariri da ƙaurin tuwo ne kaɗai ke tsallake layi. In ɗayansu ya taso, komai sai ya dakata. Fitilar karatu ma bi da bi muke yi, in ka daɗe da ita sai ka ji an ɗauke ta ana tsakar jimla, ka jira zagayowa. Tun ranar da ni da Sale kowa ya zuba wa miya gishiri bai san ɗan'uwansa ya zuba ba, miyar da ko akuya ta shinshina ta yi atishawa, Inna ta kafa doka: wanda ya sa gishiri ya gicciya ludayi a bakin tukunya. Ka ga ludayi a gicciye, ka janye hannunka. Takan ce, "Tukunya ba ta magana, sai a yi mata baki."

Baba kuwa nasa tsarin daban ne. Zai tafi Yelwa da kwandunan busasshen kifi, ya kuma san halinmu: da ya juya baya, waninmu zai saci jirgi ya tafi tsakiyar tafki wasan tsere da 'ya'yan Sarkawa masunta. Sai ya raba amanar gida biyu. Ya rataya wa Sale mabuɗi, ya danƙa mini filafili, ya ce wa kowannenmu, "Kada ka ba kowa, ko wa a shi." Nufinsa mu tafi tare mu kwaso shinkafar kafin ruwa ya kai mata, tunda ya ga turken da ya kafa a gaɓa ya fara nutsewa. Dabara ce mai kyau. Abin da Baba bai sani ba shi ne ni da Sale mun shiga gaba tun daren jiya, a kan kan kifi. A gidanmu wanda ya kama kifi shi ke cin kai. Ni na kamo wani giwan ruwa, wanda a lokacin ya kai tsawon hannuna, yanzu kuwa duk shekara yana ƙara girma a bakina, bana ya kusa kai tsawon jirgin. Sale ya ce komar tasa ce, kuma shi ne babba, ya tsame kan ya cinye har idanu. Na rantse ba zan sake yi masa magana ba sai tafki ya ƙafe.

To da gari ya waye, kowa yana so ya tafi gungu, kowa ya san shinkafa na cikin haɗari, amma ba mai son zama jirgi ɗaya da abokin gabarsa. Sale ya shirya tafiya da abokinsa, ni ma na shirya da nawa. Shi yana jiran filafili, ni ina jiran mabuɗi, kowa kuma ya riƙe nasa gam da hujjar maganar Baba. Tunda baki ba ya haɗuwa, sai muka ɗauki Lantana aiki. Matsalarta ɗaya, kanta saƙo guda yake ɗauka, in ka ɗora na biyu na farko ya zube. Na ce ta ce masa ya aiko da mabuɗi. Ta dawo tana haki: "Ya ce kai ka aiko da filafili." Na ce ta ce masa Baba ya hana. Ta dawo: "Ya ce shi ma Baba ya hana, kuma kanka awa tulu." Na aika da amsar da ta dace da tulu, amma a hanya ta haɗu da mai gyaɗa, saƙon ya isa babu kai babu gindi, Sale ya ji wai ina gaishe shi, ya ƙara hasala. Abokan namu suka gaji da jira suka watse. Masu jirage duk sun tafi ceton nasu amfanin, babu na aro. Rana ta take tsaka, kowa na gumi, Lantana na gudu, amma ko zangarniya ɗaya ba ta motsa daga gungu ba.

Inna tana wajen banda, hayaƙi ya rufe ta, a zatonta mun yi nisa. Ba wanda ya kai mata ƙara. Abin da ta lura da shi kawai, yarinyar nan tana ta wuce ƙofa da baki yana motsi, tana maimaita magana ɗaya kada ta manta. Sai ta tare ta, ta ce, "Ke, mi kika ɗauke da shi tun da sahe?" Lantana ta ce, "Mabuɗi da filafili," ta fashe da kuka.

Ban taɓa ganin Inna ta yi sauri irin na ranar ba. Ta yafa mayafi, ta fizge filafilin daga cinyata ba ko sallama, ta kama kunnena, muka gangara ina tafe a karkace kamar kaguwa. A gindin giginya Sale ya buɗe baki zai ce Baba ya ce, ta cire mabuɗin ta kansa kafin ya kai ƙarshe. Ta yage bakin tsohon zanenta, ta zura a mabuɗin, ta ƙulle shi tam a wuyan filafili. Ta ce, "Ubanku ya ba ku amana, ni na amshe, in ya dawo shi tambaye ni. Daga yau wanda ya ɗau ɗaya ya ɗau duka, wanda ya rasa shi jira." Ta sa Sale a baya yana tuƙi, ni a gaba da ƙwarya ina kwarfe ruwa, ta ce wanda ya ga dama ya ci gaba da gabar, jirgi dai ba ya jin gaba.

Da muka isa gungu, tarin da ke ƙasa-ƙasa ya riga ya zauna cikin ruwa, wasu dammunan suna iyo, 'yan kifaye na yi musu barka da zuwa. Muka shiga ruwa har ƙugu muna jido. A sawu na farko kowa ya kama nasa aiki. A na biyu dami ya kusa kifar da jirgi, na ji bakina ya ce, "Yaya, riƙe nan!" tun kafin in tuna da rantsuwata, tafki kuwa ko kamu ɗaya bai ragu ba. Muka yi ta kai da kawowa har rana ta yi ja, Inna da Lantana na karɓa a gaɓa suna shanyawa. Mafi yawa ta tsira. Wadda ta jiƙa kuwa ta yi tsami, wata ma ta tsiro, Inna ta ƙi zubarwa, ta ce mu muka dafa mu za mu ci. Mun ci tuwon nan mai warin kududdufi har sanyi ya shigo, ni da Sale a akushi ɗaya, muna haɗa ido muna dariya.

Da Baba ya dawo ya ga mabuɗi ɗaure a filafili, ya juya shi, ya dubi Inna, ya dubi shinkafar da ke shanye, ya jingine shi a bayan ƙofa. Bai tambaya ba, bai kuma taɓa kwance ƙullin ba.

Duk shekara in na zo darasin da ayyuka biyu ke yin kiki-kaka, kowanne ya riƙe abin da ɗan'uwansa ke buƙata yana jiran na hannun wancan, har na'ura ta sandare, wannan labarin nake ba ɗalibai. Nakan ce musu kada su nemi mai laifi, don kowane aiki umarnin da aka ba shi yake bi. Tsarin rabon ne ya bar ƙofa. Magani kuwa Inna ta gama shi: a sa ido a gane ana motsi ba a ci gaba, a ƙwace daga hannun wani, sannan a gyara doka yadda abin ba zai sake faruwa ba. Sukan tambaye ni wa ke da gaskiya a kan kan kifin. Nakan ce wannan ba ya cikin jarrabawa, amma ni ne.

Yanzu jirgin Sale na inji ne, ba ya neman filafili. Gungun ma wasu ke nomansa. Inna ta riga mu gidan gaskiya, Baba ya bi ta, tsohon filafilin yana nan a bayan ƙofa da tsumman zanenta a wuyansa, mabuɗin ya yi tsatsa, kwaɗonsa ya ɓace tuntuni. Kowannenmu yana da waya a aljihu, saƙo ba ya haɗuwa da mai gyaɗa a hanya. Amma sai a yi wata da watanni ba mu ji muryar juna ba, ba don faɗa ba. Ni ina jira ya kira tunda shi ke da labarin gida, shi yana jira in kira tunda ni ne ƙarami. Sai Lantana, da jikokinta, ta bugo ta ce, "Yaya Sale ya ce a gaishe ka," na kuma san bai ce ba, kamar yadda na san abin da za ta je ta faɗa masa.

Kwamfuta in ta sandare, a kashe ta a kunna. Gida kuwa sai da Inna.