Murfi Goma a Garkar Tumatir

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Malam Isuhu, sakataren ƙungiyar masu garka na bakin tafkin Madarumfa, kuma ban taɓa jin haushin rashinsa kamar wannan satin ba.

Shi ke rubuta takardar da ake raba wa manoma game da taki da maganin ƙwari. Dokarsa ɗaya ce: lamba ba ta fita ita kaɗai. In ya rubuta goma, sai ya faɗi goman mene ne, giram ko mililita, sannan ya kwatanta shi da abin da ke cikin gida: murfin kwalba ɗaya, kwalin ashana biyu. Har murfin yake kifawa a kan takarda ya zagaye shi da jan biro, don kada wani ya ɗauko na jarka. Mun sha yi masa tsiya. Ni da kaina na ce masa takardar layi uku ce yake mayarwa wasiƙar aure.

Yanzu saƙo ta waya ake turowa. Wanda ya iso wa matar marigayin, Yaya Rabi, cewa ya yi: "Maganin tsutsa, 10 a famfon feshi." Ita da ta shekara ashirin tana awo da murfi, sai ta zuba murfi goma. Mililita goma ake nufi, wato murfi ɗaya. Kwana biyu tumatirinta ya ƙone ƙurmus, kuma da shi take ciyar da gida duk rani.

Na je na sami sabon sakataren. Ko kunya babu ya ce, "To mi aka yi, Baba? Ai kowa ya san mililita ne."

Kowa wa? Da Malam na raye, da ya sa shi sake rubutun sau biyar, yana tsaye a kansa. Ni kam na juya na yi tafiyata.

Jiya na tarar da Yaya Rabi ta zaro tsohuwar takardar Malam daga ƙasan akwati, duk ta yi ja. Ta ɗora murfi a kan zagayen, ya zauna daidai.

"Ka ce musu su bar turo mini," in ji ta. "Mai gidan bai gama yi mini awo ba."