Asabar ɗin da Ban Kai Ta Ba

Jiya 'yata Rahila tana aikin makaranta ta tambaye ni ma'anar paideia. Nan take na ji ƙamshin shayin citta na flat ɗin Kawu a unguwar Peckham ta Landan.

Kawu tsohon fasto ne da ya koyi harshen Girka na dā. Ranar da na kai masa Rahila, tana tsaye ƙiƙam ta ce masa, "Hi." Bai yi faɗa ba. Ya hura shayinsa ya ce, "Mutanen Girka suna cewa paideia. Ba karatun aji kawai ba ne, renon yaro ne har ya zama mutum. Ka riƙa kawo mini ita duk Asabar."

Na ce, "To, Kawu." Ban sake kai ta ba. Kullum sai in buga waya in yi cancel.

Bayan rasuwarsa muka tsinci littafin rubutu da sunanta a bango. Shafin farko kaɗai ya rubuta: gaisuwar safe da yadda ake amsawa.

Jiyan na ce wa Rahila, "Tarbiyya ke nan." Ta ce, "What's that?"

Kawu, ka yafe mini. Allah ya ba ka hutawa, ni kuma ya ba ni ikon cika shafi na biyu.