Tunkiyar da Na Kusa Kashewa da Gata

Shekarar da aka kawo ni Jos daga Kano ina amarya, wajajen ƙarshen shekarun saba'in, na zo da tunkiya guda da Innata ta ba ni. Ban san kowa ba a unguwarmu ta Laranto, don haka da ita nake hira in maigida ya tafi ofis.

Da damina ta kama, sanyin garin ya ba ni tsoro. Tunda ni ina rawar ɗari, na ɗauka ita ma haka take ji. Sai na kulle ta a ɗan ɗakin ajiya, na jibga mata ciyawa, har da tsohon bargo. Rufin yana yoyo, ga fitsari, ƙasan ya zama caɓi, ni kuwa ina ta yabon kaina.

Ba a jima ba ta fara ɗingishi, daga baya sai a durƙushe take cin dusa. Tsakanin kofatonta ya ruɓe, wari kamar me. Maigida ya duba ya ce, "Gara a kai ta mayankar Abattoir tun da sauran nama a jikinta." Gaskiya ya faɗa, amma na ji haushinsa ƙwarai, ranar ko gishiri ban sa a miya ba.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar asalin garin mai sayar da dankali, ta dawo daga coci ta same ni ina kuka. Da ta leƙa ɗakin sai ta yi ta dariya.

"Amarya, wannan tunkiya ba ya jin sanyi. Laka ne yana cin ƙafan shi. Kai shi kan dutse."

"Mama, ba za ta mutu ba?"

"In kin bar shi nan, zai mutu."

Ta yanke ruɓaɓɓen kofaton da wuƙa, muka wanke da ruwan gishiri, malamin dabbobi ya zo ya yi allura. Kullum in rana ta fito sai in lallaɓa ta zuwa duwatsun bayan gida, inda ruwa ba ya kwanciya. Maigida ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen wata, in ba sauƙi, mahauta.

Ana cikin haka laulayin ciki ya kwantar da ni. Wata safiya na ji kukan tunkiyar a ƙofar gida, na ce shi ke nan, wata ya ƙare. Na ja jiki na leƙa ta taga. Sai ga maigida da farar rigar ofis, ya saɓo ta a wuya, yana hawan dutse yana mita, lakar ƙafarta duk ta ɓata masa kafaɗa.

Na koma na kwanta ina dariya, daɗi ya cika ni. Tunkiyar ta warke, ko da yake ɗingishin bai bar ta ba. Shi kuwa har ya tsufa bai yarda cewa ya ɗauke ta ba, wai rakiya kawai ya yi mata.