Daɓen da Amumun Ya Fasa da Hannunsa

Duk wanda ya zauna a Arlit a shekarun farko, lokacin da unguwarmu bukkoki ce ta kwali da tsohon kwano, ya san wani dogon tsoho mai baƙin rawani da ke kwaɓa wa magina siminti. Mai Yoyo ake ce masa. Yara sun kira shi haka, manya sun kira shi haka, shi kuma yana amsawa har ya koma ga Ubangijinsa. Sunansa Amumun, kuma mahaifina ne. Har yau in na ji an ce "mai yoyo", ko da bokiti ake nufi, raina yakan ɓaci.

Ɗan mai garka ne daga kwarin Cirozerin. Tun yana ƙarami aikinsa ke nan: sa yana jan guga daga rijiya, shi yana tsaye da fartanya yana nuna wa ruwa hanya, daga fangalin alkama zuwa na albasa. Can ya koyi halin ruwa. Yakan ce ruwa ba ya gardama da kowa, sai dai in ka bar masa ƙofa ko kamar ta allura ce, zai same ta.

Yana saurayi aka kwashe su aikin dole zuwa Agadas, ɗaukar duwatsu a ginin wani gidan Nasara. Akwai wani magini Balaraben Aljeriya a wurin, mai saurin hannu da saurin zagi. Shi ya ɗauke shi daga ɗaukar dutse ya sa shi jiƙa karo, wato fararen falayen nan masu santsi da ake manna wa ɗakin wanka. Da aka soke aikin dole kowa ya kama hanyar gida, Abba ya zauna. Ya ce bai gama ganin abin da ya zo gani ba.

Aikin, yadda ya sha kwatanta mini shi har na haddace, daga ƙasa yake farawa, inda ido ba zai sake gani ba. A daɓe ƙasa a karkata ta kaɗan wajen ramin tiyo. A narka kwalta a shafa da zafinta, a hau da ita bango kamar tsawon taƙi, a cika kusurwoyi, don can ruwa yake fara laɓewa. Sai siminti, sai karon da ya kwana a ruwa ya ƙoshi. Kowane ɗaya sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar cokalin gini yana kasa kunne. Wanda ya amsa kamar ganga, ciro shi zai yi. In an gama sai gwaji. A toshe ramin da tsumma da yumɓu, a zuba ruwa ya kai idon sawu, a rufe ƙofa kwana biyu. In ruwan ya tsaya inda aka bar shi, magini ya ci sunansa. In ya sauka, to ya nemi wata sana'a.

Na Abba bai taɓa sauka ba. Har ta kai Nasaran Agadas in ɗaya zai bar gari yakan gaya wa magajinsa sunan Amumun, kamar yadda ake barin wasiyyar doki. Shi kansa kuwa bai taɓa tsayawa ƙarƙashin dush, famfon wankan nan mai zubo ruwa daga sama, ba, da buta yake wanka a bayan zana. Amma mutum ne mai ji da aikinsa, kuma ba ya ɓoyewa. Sai da sunan nan ya kai Cirozerin dangin uwata Gaji suka daina ce masa bawan Nasara, suka ba shi ita.

Saura 'yan shekaru Faransa ta sauke tuta, wasu Nasara masu neman duwatsu suka kafa zango can arewa, a hamadar nan da ba a ko yi mafarkin Arlit a cikinta ba tukuna. Suna yawo da wani akwati mai ƙara kamar gyare, suna haƙa ramuka. Babbansu zai kawo matarsa daga Faransa, ita kuwa ta ce ƙafarta ba za ta taka inda babu ɗakin wanka na kirki ba. Aka aiko mota ta ɗauki Abba da akwatunan karo. Uwata tana da tsohon ciki, cikina ke nan. Ya so ya bar ta wajen danginta, ta ƙi. Aka kafa mata 'yar bukkar tabarmi a gefen zangon, cikin bukkokin leburori da iyalansu.

Wurin ba rijiya. Kamiyo, wato babbar mota, ke kawo ruwa a cikin tano-tano, gangunan nan na ƙarfe, daga nesa, a auna wa kowa da gwangwani. Kuma akwai doka: wanda ya taɓa ruwan da ba a ba shi ba, a kai shi kaso, wato kurkuku, a Agadas, iyalinsa da duk bukkokin da ke kusa da tasa a tashe su a ranar. Ba barazana ba ce. An yi wa wani mai tsaron raƙuma haka kafin zuwansu, kowa ya ga matarsa da 'ya'yansa sun shiga rana da ƙafa.

Abba ya ce a duk abin da hannunsa ya yi, babu kamar wannan ɗakin. Ya yi shi a natse, ba mai tsaye a kansa. Karon fari ne, an zagaye shi da layi ɗaya shuɗi daga ƙasa. Ranar gwaji Nasaran da kansa ya sa aka juye ruwa har ya kai daidai bakin shuɗin layin, ya duba, ya ce wannan ita ce shaida. Aka rufe ƙofa, makulli yana wuyan Abba.

Kamiyon ruwa, da ma ya makara, bai zo ba. Aka rage awo, aka sake ragewa. Washegari Nasaran ya kulle tanon da ya rage a ɗakinsa, ya hau ƙaramar motarsa ya tafi neman kamiyon a hanya. Ni kuma, da rashin sanin ya kamata, sai na zaɓi wannan ranar.

Rana na tsaka Inna Lalla ta zo ta same shi a inuwar ginin. Tsohuwa ce mai karɓar haihuwa, matar wani lebura, Hausarta irin ta mutanen dutse wadda mace da namiji duk "shi" ne.

"Amumun, matanka ya haihu. Mace ne, yana da rai. Amma jini bai tsaya ba, kuma jikinsa zafi kamar dutse. Na bi bukka bukka, abin da na samu bai cika ƙoƙo ba."

"Ba wanda ya ɓoye ko kaɗan?"

"Wa zai ɓoye? Yara suna lasar bakin salka." Ta dubi ƙofar, ta dubi makullin da ke wuyansa. "Ni ban ce komai ba."

A kwanakinsa na ƙarshe ya gaya mini bai yi dogon tunani ba, kuma ba ya son a ce ya yi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Leburori suna can wajen ramuka, kuku yana barci. Ya buɗe ƙofar, ya durƙusa a bakin ruwan, ya cika salka biyu da ƙoƙo, a hankali don kada ya fantsama. Lalla ta rufa su da zanenta ta tafi tana dogara sanda. Da ya juya ya ga shuɗin layin ya fito fili, ruwa ya bar shi da faɗin yatsu uku.

Da wannan ruwan aka jiƙa wa uwata maƙoshi, aka gasa mata jiki, da shi aka wanke ni. Wankana na farko a duniya warin sabon siminti yake yi.

Nasaran ya dawo da hantsi washegari, fuska duk ƙasa, rai a ɓace, kamiyon yana biye da shi. Kafin ya sha ruwa ya ce a buɗe masa ɗakin. Ya tsaya ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya kira kukunsa Ahmudu, wanda ke yi masa tafinta, leburori kuma suka taru a bakin ƙofa don kowa na son ganin ɗakin da ake ta labari.

Ahmudu ya ce, "Ya ce ɗayan biyu ne. Ko an ɗebi ruwan nan, ko aikinka yoyo yake. Ya ce an gaya masa naka ba ya yoyo, don haka ka faɗi wanda ya ɗiba, a tashi bukkokinsu yau."

Ba sai an ce komai ba, bukkarmu ce a tsakiya. Mai jego da ko zama ba ta iya yi, jaririyar kwana ɗaya, da Lalla, da duk maƙwabta. Gari mafi kusa tafiyar kwanaki ce.

Abba ya gyara rawaninsa ya ja shi har kan hanci. Ya ce, "Ba wanda ya ɗiba. Yoyo yake."

"Ka tabbata?"

"Aikina ne, ni na san shi. Kwaltar ba ta kama a kusurwa ba."

Wannan kalmar ta fi masa bulala ciwo, ni shaida ce, don na ga yadda bakinsa yake yi in ya zo kanta ko bayan ya tsufa. Nasaran bai dake shi ba. Cewa ya yi a ciro karon duka, za a kawo wani magini daga Damagaram ya sake, kuma wanda ya manna shi ne zai ciro. Aka ba Abba guduma da kurfi. Ya durƙusa a gaban mutane yana fasa daɓen da ko digo bai wuce ta cikinsa ba. Siminti ya kama ƙam, karon ya ƙi fita sai a farfashe. Da ya kai ga kwaltar ya same ta baƙa, lafiyayya, ƙarƙashinta a bushe ƙayau. Sai ya yi sauri ya kwarara mata ragowar ruwan, ya dagargaza ta, don kada wani mai ido ya gani. A nan ne Ahmudu, yana dariya, ya ce, "A gaishe ka, Mai Yoyo!" Aka kwashe da dariya, suna ya zauna.

An bar shi a zangon yana kwaɓa ƙasa, ba a tashi kowa ba. Uwata ta yi kwanaki tana fama, ta ga an raɗa mini suna Dassin, ta shayar da ni iya ƙarfinta. Kafin arba'in ta rasu. Ya rufe ta a gindin wani dutse, ya ɗauko ni a kan raƙumin wani zuwa wajen kakata. A jakarsa akwai tsummokina da tarin fasassun karo da ya tsince.

Labari ya riga shi isa Agadas. Nasara ba su sake kiransa ba, 'yan ƙasa da suka gaje gidajensu ma haka. Da aka fara gina Arlit, aka yi ɗakunan wanka ba iyaka a gidajen ma'aikatan ma'adini, ya zo da cokalinsa a naɗe cikin tsumma. Duk shugaban magina da ya tunkara, sai wani daga gefe ya ce ai Mai Yoyo ne. Sai a miƙa masa shebur. Ya ga yara suna manna karo a bushe, ba jiƙawa, ba ƙwanƙwasawa, ya kau da kai ya ci gaba da kwaɓa musu.

Ni sai da na yi aure na haihu Inna Lalla ta gaya mini gaskiya, tana gab da rasuwa. Na zo masa a fusace.

"Abba, Nasaran nan ya tafi tun yaushe! Me ya hana ka faɗa? Ka bar 'yan banza suna yi maka dariya a kan ƙarya!"

"In faɗi me, Dassin?"

"Cewa ruwan kai ka ɗiba. Don uwata. Don ni."

Ya daɗe yana juya shayinsa. Ya ce, "In tsaya a kasuwa in ce ga abin da na ba uwarki? Ta tafi, ba ta nan balle ta ce ya isa ko bai isa ba. Ki bar shi."

Ban yarda da shi ba a ranar, yau ma ban yarda ba. Na faɗa wa mutane a bayan idonsa. Wasu suka ce Allah sarki, wasu suka ce 'ya ai dole ta gyara ubanta, gobe kuma suka ce Mai Yoyo.

Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa ya dawo gidana. Wata rana ya kwance tsohuwar jakar nan, ya zazzage fasassun karon, ya ce zai gyara mini makewayi. Ya roƙi ragowar kwalta wajen masu gyaran hanya. Ya yi watanni yana yi, yana ja da gwiwa, yana haɗa gutsure da gutsure, hannunsa na rawa amma kunnensa garau. Shuɗayen bai samu da yawa ba, sun isa bango ɗaya kawai. Kafin ya gama ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai da na riƙe shi ya cike layin ƙarshe.

Daga kan tabarma ya ce in toshe ramin, in zuba ruwa ya kai bakin shuɗin, in rufe ƙofa. Na yi. Kwana biyu muna wanka a gidan maƙwabta. Ranar buɗewa ya ce, "Ki kira Ahmudu ya zo ya gani."

Na ce, "Abba, Ahmudu ai ya rasu bara waccan."

Ya ambaci wani lebura, ya ambaci wani. Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar nan a ranar, ko ƙasa ta rufe shi ko ba a san inda yake ba. Sannan ya ce to ni in je in duba.

Na buɗe ƙofar ni kaɗai. Ruwan yana nan a bakin layi, ya kwanta lum, har wani ƙuda ya faɗa yana iyo. Na tsaya na yi kukana na share, na komo na durƙusa kusa da kansa.

"Abba, bai sauka ba. Ko kaɗan."

Bai buɗe ido ba. Ya ce, "Wancan ma bai sauka ba, Dassin."

Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗa da bakinsa, kuma ba kowa a ɗakin sai ni. Bayan kwana kaɗan, a kan daɓen nan aka yi masa wanka.