Tela Zai-Girma da Tsiron Matarsa

A duk layin ba wanda ke kiransa da sunan yanka, sai Zai-Girma, kuma da bakinsa ya jawo wa kansa. Shekara arba'in yana kan keken ɗinki, bai taɓa miƙa wa mutum riga daidai jikinsa ba. In uwa ta ce hannun rigar ɗanta ya rufe yatsu, sai ya ce zai girma. In magidanci mai furfura ya ce wandon ya yi masa yawa, amsar ke nan dai. Ɗansa na fari ya shiga aji ɗaya da wani wando, ya fita aji shida da shi, har lokacin ana naɗe ƙafar sau biyu. Tef ɗin awo kuwa kullum yana rataye a wuyansa, amma don ado.

Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya tashi cikin ƙuncin kayan da yayyensa suka gama da su, don haka ya tsani ganin abu a matse.

Matarsa tana da wani tsiro a bakin tagar kicin, irin mai kaurin ganyen nan da ke ajiye ruwa a jikinsa, cikin 'yar tukunyar ƙasa da ba ta fi tafin hannu ba. Daga tsiron yayarta marigayiya ta cire shi, kuma shi kaɗai ya rage mata na yayar. Da za ta tafi wajen 'yarsu na wata biyu, ta bar masa umarni ɗaya: ruwa kaɗan, sai ƙasar ta bushe ƙarau, kuma kada ya taɓa komai.

Kwana uku ya iya daurewa. A na huɗu ya dubi tsiron, tausayi ya kama shi. Ya wanko bokitin fenti, ya cika shi da ƙasa, ya dasa ɗan tsiron a tsakiya kamar maɓalli ɗaya a gaban babbar riga. 'Yar tukunyar kuma ya zuba allurai a ciki. Ya ja da baya yana murmushi, ya faɗi kalmarsa ta kullum.

Tsiro dai bai girma ba. Ganyen ƙasa suka yi rawaya, suka yi laushi, suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Saura kwana goma matar ta dawo, tela ya rasa inda zai sa kansa. Tsoro ya ji sosai, kuma ba na faɗa ba, don ya san ba za ta yi faɗa ba. Shiru za ta yi, shi ne abin da ba zai iya ɗauka ba.

Ya rungumi bokiti sai wajen wata mai sayar da furanni a bakin titi. Ta cusa yatsa cikin ƙasar, ta zaro shi jiƙe sharkaf. Ta yi masa bayani cewa saiwar irin wannan tsiro gajera ce, ba ta iya shanye ruwan ƙasa mai yawa haka, sai ta zauna cikin damshi har ta ruɓe. Ga shi bokitin ko huda babu. Tukunya, in ji ta, kamata ya yi ta fi tsiron da faɗin yatsa ɗaya ko biyu ta kowane gefe, shi ke nan.

"To in ya girma fa?" ya tambaya.

"Baba, in ya girma sai ka sake masa wata. Ai ni ma ina da rigar da ka ɗinka mini a gida, har yau ina jira in girma in cika ta."

Ta yanke ruɓaɓɓen, ta ba shi ɗan kan da ya tsira, ta ce ya bar shi a inuwa kwana uku bakin yankan ya bushe. Abin da ya rage ya yi ƙanƙanta har ga tsohuwar tukunyar. A rana ta huɗu Zai-Girma ya zare tef daga wuya, ya auna tsiro, ya bi kayan kicin yana aunawa. Abu ɗaya ne ya dace, kofin silbar da yake shan shayi da shi. Ya huda gindinsa da ƙusa, ransa na sosuwa.

Da matar ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi taga. Ta dubi kofin, ta dubi bokitin da ya manta bai ɓoye ba. Ya faɗa mata gaskiya tiryan-tiryan, har da awon. Ta shafa sabon ganye guda da ya leƙo.

Sannan ta juyo cikin rigarta mai ɗaukar mutum biyu, ta buɗe hannuwa.

"Baban yara, tunda yanzu ka iya awo, ga ni. Shekara talatin da biyar nake jira in cika rigunanka, ni kam na gama girma."

Ya ɗora tef a kafaɗarta. Sai a ranar ya ga ashe ƙaramar mace ce.