Zaure Babu Ɗakuna

Ɗan fari ne, don haka ba na kama sunansa. Yana raye ban kama ba, balle yanzu. Mutanen garinmu Durun, mai kwamfuta suke ce masa, ni ma haka zan ce.

Ni ban yi boko ba. Da aka kawo shari'a aka buɗe mana Islamiyyar matan aure, na je na koyi baƙaƙen Larabci, na gyara sallata, shi ke nan. Rubutun boko kuwa sai da furfura ta gama cinye mini kai, kuma a hannunsa na koya, ba don ina so ba. Ya gama karatu a Kano, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya cinye. Gwamnati ta ce babu, kowa ya tsuke bakin aljihunsa. Ya dawo gida da mata 'yar Kutama, da kwamfuta irin wadda ake rufewa kamar littafi. Da safe gona, da la'asar ya zauna gindin darbejiyar tsakar gida ya ƙura mata ido.

Na ce, "Kai, wannan abin hatsi yake haifa?"

Ya ce, "Inna, makaranta nake ginawa."

"A cikin faranti?"

"In na gama a waya za ta zauna. Tsofaffi irinki su koyi karatu a ɗakinsu, ba sai sun fita an yi musu dariya ba."

Na ce tsohuwa tana gidanku. Ya ce ai gidan namu ke nan.

Da ni ya riƙa gwaji. Harafi ya fito a allon, sai muryarsa ta faɗa, sai hoto ya biyo. Ba, baki. Ɗa, ɗaki. Ƙa, ƙafa. Muryar a ɗakin matarsa yake ɗauka, ya lulluɓa da bargo tsakiyar zafi saboda kukan awaki. Duk da haka a wajen ƙa ɗin zakaranmu ya yi cara a bayansa. Ya ce zai sake. Na ce bar shi, shi ma karatu yake so.

Inda yake aikin wani baƙin allo ne, rubutu kala-kala kamar zaren ɗinkin hula. A gefen hagu sunaye ne jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ya ce folda ake ce musu, kamar ɗakuna ne, kowane kaya da ɗakinsa. Na makarantar nan guda uku ne, kuma da Hausa ya sa musu suna: haruffa, hotuna, murya. Akwai kuma ayyukan mutane da yake kamawa nan da can, su ma kowanne da foldarsa, ba ya yarda su haɗu. Ya ce in ka zuba aikin wani a ɗakin wani, ranar nema sai ka yi kuka. Na ce to ai ko ni ba na zuba gero a rumbun dawa, amma kai je ka dubi ɗakin kwananka, kamar an yi dambe a ciki. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, lokacin kuwa cikin ya tsufa.

A fuskar kwamfutar akwai wani ɗan abu guda da yake dannawa kullum in zai fara. Yana danna shi sai baƙin allon ya buɗe, ɗakunan nan uku su fito tare, daidai inda ya tsaya jiya. Sunansa na Turanci bai zauna a bakina ba. Ya ce in ce masa zaure, tunda ta nan ake shiga. Zaure nake ce masa har yau.

Murya ita ce kalmar da na fara karantawa da kaina ba wanda ya nuna mini. Na leƙa ta kafaɗarsa na ce, "Mu, r, ya. Murya." Ya juyo ya dube ni. Na ce me kake kallo, tuwo zan tuƙa, na tashi.

Abin bai kai ga shiga waya ba. Kullum saura kaɗan. Wuta ba ta zuwa, sai an kai caji kanti, data ta yi tsada, damina ta zo gona ta cinye shi. Matar ta haifi 'ya mace. Yarinyar ba ta fara tafiya ba motar da ya shiga zuwa Kano ta yi karo kafin su kai Kabo. Aka kawo mana shi kafin azahar.

Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Bayan an share makoki ƙanin mijina ya zo da malami a raba gado. Mahaifin yaron ya riga shi tafiya, ƙannensa kuma ba wanda ya rayu, don haka baffan nasa yana cikin magada. Tun da shari'a ta zo ba a barin gado ya kwana da yawa, in ka ja sai a ce kana cin dukiyar marainiya. To me ya bari? Tufafi, keke, buhunan dawa, da kwamfutar. Ita ce mai tsoka, duk sauran ba su kai rabinta ba. Malam ya ce rabi na yarinyar ne, ni da matar da baffa mu raba sauran yadda Allah ya yanka, kuma ba a tsaga kwamfuta da gatari, sai an sayar.

Na ce a sa ta a rabona. Malam ya ce, "Inna, rabonki bai kai ba, sai dai ki cika." Da me zan cika? Shekarar nan kwanon masara sai mai ƙarfi.

Baffa ya ce, "Yaya, me za ki yi da ita? Tsiwirwirin da kike yi, da ita za ki auna ƙuli?"

Na ce, "Kai da me za ka yi da naka rabon, in ba goro da surutun siyasa a bakin tasha ba?"

Aka ce mu yi haƙuri. Ni da ba na ɓoye magana, abu ɗaya ne ya ƙi fita bakina a gaban maza, cewa muryarsa tana ciki kuma ina so yarinyar nan ta ji ta in ta yi wayo. Uwa ba ta zama gaban mutane tana nuna kwaɗayin ɗan fari, ko a raye ko a mace. Haka muka taso. Sai na ce akwai aikinsa a ciki, a cire wa marainiya kafin a sayar. Malam ya ce wannan babu laifi, aiki ba shi da farashi.

Matar ta ɗan yi sakandare, ta fi ni sanin kan abin, amma tana takaba, ba ta fita. Ta ba ni wani ɗan ƙarfe kamar yatsa, filas sunansa, a cikinsa ake zuba kayan kwamfuta. Ta ce, "Inna, ki ce a zuba aikin makarantar duka." Ni da baffa muka tafi Gwarzo wajen mai shagon da zai saya. Washegari zai shiga da ita Kano.

Mutumin ba mugu ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Buga takardu yake yi da hoton fasfo, ba irin aikin yarona ba. Babu wuta, batirin kwamfutar ya mutu, ya tayar da janareta. Ya nemo ɗakunan ya fara kwashewa, sai ga wani tsiri a allon yana tafiya kamar hawainiya. Ya ce, "Hajiya, fayil ne a ciki kamar yashi, wannan sai magariba bai gama ba, kuma man da ke cikin injin nan ba zai kai ba." Lokacin layin mai har bakin asibiti.

Baffa ya ce, "To ni wallahi ba ni da na mai."

Mai shago ya duba fuskar kwamfutar, ya ga zauren da sunan makarantar a jikinsa. Ya danna, komai ya buɗe, ɗakuna uku reras. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ai ya riga ya haɗa su wuri guda, ga shi ba nauyi." Ƙiftawar ido ya shiga filas.

Na ce, "Malam, abin da yaro ya yi damina biyu yana yi, shi ne ya shige kamar walƙiya?"

Ya ce, "Hajiya, zamani ke nan. Bari ki gani da idonki." Ya rufe komai, ya buɗe daga cikin filas ɗin, yana soke a jikin kwamfutar. Baƙin allo ya fito. Haruffa, hotuna, murya, ni na karanta su da bakina. Ya shiga murya ya danna ɗaya. Sai ga yaron nan a cikin shago yana cewa ƙa, ƙafa, zakara ya yi cara. Baffa ya juya fuska wajen titi. Ni na ce kashe, ya isa. Na ƙulle filas a bakin zane muka dawo.

Mu uku muka gani, mu uku muka yarda. Wa zai ce ba a gwada ba?

Sai bayan matar ta fita takaba wani abokin karatunsa ya zo daga Kano gaisuwa, da tasa kwamfutar a jaka. Shi ma irin aikin yake yi. Muka shimfiɗa masa tabarma gindin darbejiya, matar ta ɗora yarinyar a cinya, na kwance bakin zane. Ya soka, ya danna. Baƙin allo ya buɗe. Sunayen uku suka fito a gefen hagu, amma ƙarƙashinsu wayam. Ya danna murya, ba komai. Ya shiga shafa gemu.

Na ce, "Faɗi mana, ba yara ba ne mu."

Ya ce, "Inna, wannan kwatance ne kawai. Ba kaya a cikinsa. Aikinsa ya ce wa kwamfuta ɗaki kaza yana wuri kaza, je ki buɗe. Ranar da kuka gwada, ɗakunan suna nan a cikin kwamfutarsa, shi ya sa suka buɗe. Nan kuwa ya nuna wurin, babu kowa."

Na ce, "Zaure muka ɗauko muka bar gidan."

Ya ce, "Haka ne."

Ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya duba can intanet inda masu aikinsu suke ajiya, ya sami wani tsohon kwafi na haruffan farko, babu murya ko ɗaya, don murya tana cin data, yaron yana jira sai ya gama ya ɗora gaba ɗaya. Ya bi sawun kwamfutar har kasuwa a Kano. An wanke ta tas tun satin da ta isa, an sayar wa wani ɗalibi, ba wanda ya san ko na ina ne. Ya ce zai iya sake gina makarantar in ya sami sarari, ya sa tasa muryar. Na ce Allah ya ba da sarari. Bai samu ba, shi ma yana fama da bakin 'ya'yansa, kuma ni ba tasa muryar nake nema ba.

Matar ta yi aure a Kutama, ta tafi da yarinyar. Ban hana ba, yarinya ce, ba za ta zauna gadin tsohuwa ba. Suna kawo mini ita in an yi hutu. Ta shiga firamare, tana karatu da muryar wani malami da bai san ubanta ba. Rannan tana cin gyaɗa a ɗakina ta ce, "Kaka, babana muryarsa babba ce ko ƙarama?"

Na buɗe baki zan kwaikwaya mata. Na ce ƙa, ƙafa. Muryar tsohuwa ce ta fito, ba haƙori. Ta yi dariya ta ce wannan ai ke ce. Na nemi tasa a cikin kaina, zakaran nake ji sarai, shi kuwa ya fara dushewa.

Filas ɗin yana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Ban san me nake ajiyewa ba. Sunaye uku ne a ciki, kuma duk na iya karanta su.