Nauyin Baba

Ƙanena tun yana rarrafe Tsinke muke ce masa, kuma wallahi sunan bai zalunce shi ba. Gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa bakin titi, abin da ya fi nauyi a aikinsa shi ne kujerar da yake zama a kai.

Sai ɓarin jikin Baba ya shanye. Baba kuwa ƙato ne, tsohon direban babbar mota, kuma ya rantse 'ya mace ba za ta kai shi banɗaki ba. Dole sai Tsinke. Ran nan suka zube tare a ƙofar wanka, goshin Baba ya fashe. Tsinke ya goge jinin da rigarsa.

Ba a jima ba ya shigo da wata roba mai hoton wani murɗaɗɗen ƙato, cike da ƙwayoyin gina jiki.

Na ce, "Wane likita ya rubuta maka wannan?"

Ya ce, "Haba Yaya, a fili ake sayarwa a kanti. Da mugun abu ne ai da an hana."

Jiki kuwa ya buɗe, riguna suka matse. Ya riƙa sungumar Baba cak, Baba yana dariya da rabin baki yana cewa, "Direba, rage gudu, akwai kwana a gaba!" Ban taɓa ganin yaron nan cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Daga nan ƙuraje suka feso masa a baya, ga saurin fushi. Sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Likita ya jujjuya robar ya ce akwai sitiroyid a ciki, wani sinadari mai kumbura tsoka, hanta ta taɓu sosai. Bai yi mana alkawarin komai ba. Na tsani robar nan, na tsani ƙaton da ke jikinta yana washe haƙora.

Yanzu Tsinke yana kwance a ɗakin da ke kallon na Baba, ya rame fiye da yadda yake a da. Maƙwabta ke taimaka mana da ɗaukar Baba.

Kwanan nan na lura Baba yana ture kwano, loma biyu ya ce ya ƙoshi. Jiya na kasa haƙuri, na hau shi da faɗa, ina kuka.

"Baba, so kake ku zama biyu a kaina?"

Ya dubi ƙofar ɗakin Tsinke.

"Ƙyale ni, 'yar nan. So nake in ya tashi ya same ni ba nauyi."